Tatsuniyar Taƙi-Biyar Da Ta Raba Abokina Da Madina

Edita, assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wasiƙun da ake aiko muku, kowa da irin kayan da ya ɗauko, yau dai na ce bari in sauke nawa. Ba zan faɗi sunan kowa ba, waɗanda suka san zancen sun san shi.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ina da shekara talatin da 'yan kai. Haifaffen Madina ne ni, kakana ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Kano ya zauna. Ina da ɗan shagon shayi a wani lungu na tsohuwar unguwarmu, ba nisa da Harami. Ba shayin ne ya sa aka san ni ba, don tsakani da Allah na kowa ya fi nawa. Baki gare ni. Da an sallame la'asar sai 'yan dako da masu sayar da dabino da direbobi su cika bencina, ina zuba shayi ina zuba labarai, ina jin babu ya ni a faɗin garin.

Shagon da ke jikin nawa na wani tela ne, Bahaushen Sudan, ya girme ni da kamar shekara goma, Yaya nake ce masa. Gajere ne ƙwarai, sai da ya ɗaura guntun katako a kan fedar keke kafin ƙafarsa ta kai. Shekara ashirin yana Madina da iƙama, wato takardar zaman baƙo, kuma shekara goma sha biyar muna cin abincin rana a kwano ɗaya. Mutum ne marar hayaniya, amma akwai abu ɗaya da ke ci masa rai. Unguwarmu tana da majalisar dattawa, kuma al'adar da muka tarar ita ce 'yan ƙasa irinmu ne kaɗai ke hawa kan darduma su yi magana. Baƙi, mutanen Sudan da Chadi, sai su zauna bakin ƙofa wajen takalma, su saurara su tashi. Majalisar nan ita ke raba ɗakuna a wani gida da wani bawan Allah ya yi wakafinsa don tsofaffin mata marasa kowa. Kullum aka raba, gwaggonnin 'yan ƙasa ne ke samu, tsofaffin baƙi kuwa su ci gaba da kwana a zauren mutane. Yaya yakan ce mini wannan ba daidai ba ne, amma wa zai faɗa, tunda wanda abin ya dama ba shi da baki a wurin.

Daga wannan kukan nasa na ƙago tatsuniyar Taƙi-Biyar. Na ce akwai wata duniya bayan tekun gishiri, inda Dogaye masu hawan mikiya ke mulki, a ƙarƙashinsu kuma akwai wata al'umma da tsawonsu rabin na mutum ne. A fadar ƙasar an rataye ƙararrawa can sama, doka kuma ta ce ba mai magana sai wanda ya buga ta da hannunsa. To ka ga an gama da gajeru ke nan ba tare da an ce musu ku yi shiru ba. Taƙi-Biyar mai sharar fadar ne. Wata rana ya shigo da turmi a ka, ya kife shi ya hau, hannunsa bai kai ba, aka yi dariya aka jefa shi waje. Sai tsofaffin matan gajeru suka ara masa turamensu, ya ɗora wannan kan wannan har bakwai, ya hau ya buga ƙararrawar. Daga nan na yi ta jan labarin wata da watanni. An ɗaure shi a rijiya mai magana ya fito, ya zama wakilin gajeru, ya sa aka sassauto da ƙararrawa, ya buɗe rijiyoyin da Dogaye suka rufe, har sarki ya rasa yadda zai yi da shi ya ba shi waziri.

Ba a daɗe ba unguwa ta fara kiran Yaya da Taƙi-Biyar, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkinsa. Amma labarin ya shige shi. Wata Juma'a ya miƙe tsaye daga wajen takalma ya yi magana a majalisa, abin da ba a taɓa yi ba. Aka tsawata masa, mako mai zuwa ya sake. Lokacin kuma ana ta zancen za a rushe tsofaffin unguwanni, za a mayar da gidan wakafin wani wuri, a sake rabon ɗakuna daga farko. Da baƙi suka matsa, dattawa suka yarda a ba su wakili ɗaya da zai hau darduma, su zaɓe shi da kansu bayan alhazai sun watse. Ko jariri ya san wanda za a zaɓa.

A nan ne Shaiɗan ya same ni, kuma ba zan ce wani ya saye ni ba, don ba wanda ya ba ni ko dabino ɗaya. Abu biyu ne. Na farko, bencina ya fara raguwa, domin gwarzon da kullum shi ke da gaskiya yana gundurar mutane. Na biyu shi ne wanda nake jin kunyar faɗa. Mutane sun fara wuce shagona su shiga nasa, su gaishe shi, su kai masa kukansu, ni da na ƙago abin kuwa sai dai a ce mini kawo shayi biyu. Na ji haushi. Nakan ce a raina, ni na haifi Taƙi-Biyar, wani kuma yana cin sunansa.

Wata la'asar wani direban tasi ya zo da rakoda, ya ce matan gidansa sun dame shi, suna so su ji labarin da muryata. Da na ga ya danna, ga mutane sun dawo saboda rakodar, sai na ji ina so in faɗi abin da ba wanda ya zata. Na ce da Taƙi-Biyar ya ji daɗin rigar waziri, sai ya sa aka ciro ƙararrawar aka rataye ta a cikin gidansa. Rijiyoyin ya raba wa dangin matarsa. Da tsofaffin nan suka zo karɓar turamensu, ya sa aka kore su, ya sa aka tara turamen ƙasar duka aka cinna musu wuta, don kada wani gajere ya sake hawa. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ba Taƙi-Biyar gyaran muryar da Yaya ke yi sau biyu kafin ya yi magana, na ba shi yadda yake cizon zare. Wurin ya kece da dariya, har wani ya zubar da shayinsa. Ta bayan bango na ji keken ɗinkin ya tsaya. Wallahi na ji, kuma na ci gaba har kaset ya ƙare.

Magana zarar bunu ce. Cikin kwana goma kaset ɗin ya shiga kowane gida daga unguwarmu har wajen Ƙiblatain, ana kwafa ana bayarwa. Abin da ban yi tunani ba shi ne, ba a ɗauke shi tatsuniya ba, shaida aka ɗauke shi. Mutane suka ce wanda ke cin abinci da shi a kwano ɗaya ne ya faɗa, lallai ya ga abin da ba mu gani ba. Aka fara cewa dama yana da surukai biyu da yake nema wa ɗaki, alhali matarsa marainiya ce. Wata tsohuwa 'yar Chadi da ya shekara biyar yana yi mata ɗinki kyauta ta tare shi a lungu, ta ce masa ita dai ba ta da turmin da zai ƙona. Ranar zaɓe baƙin da ya tsaya dominsu suka tsallake shi, suka ɗauki wani salihin dattijo da bai san komai ba sai na'am.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, Allah ya sani. Na yi sabon kaset, na ce ai aljani ne ya shiga siffar Taƙi-Biyar, na gaskiyar yana ɗaure a kogo. Ba wanda ya kwafa, direban ma cewa ya yi wannan ba daɗi. Na je wurin shugaban dattawa na ce ƙarya na yi. Ya yi dariya ya ce, ai tatsuniya dama ƙarya ce, wa ya ce da wani kake? Mata suka daina kai wa Yaya ɗinki. Mutumin da ke tsaya masa a kan takardunsa, wanda dangin dattawan ne, ya ce shi ba ya son mai tada fitina, ba zai sabunta masa ba. Wata huɗu muna bango ɗaya ban iya shiga shagonsa ba, ina jin motsinsa yana jin nawa. Tsoro ne, ba komai ba.

Sai ranar da zai tafi na same shi da hantsi a tashar motar Jidda, shi da matarsa da kan keken a ƙunshe cikin bargo. Na durƙusa a gaban mutane na ce, Yaya, ka yafe mini. Ya ɗago ni, ya dube ni daga ƙasa kamar yadda ya saba, ya ce:

"Ya akhi, da a fuskata ka ce na ci amana, da na rantse na kawo shaidu. To ta yaya zan rantse ban yi abin da wani mutum da babu shi ya yi ba?"

Na sake cewa ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya shiga mota. Bai ce ya yafe ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da aka yi rabon ɗakuna a sabon gida, ko tsohuwar baƙuwa ɗaya ba ta samu ba. Waccan 'yar Chadin a zauren wani mai gasa burodi ta rasu. Unguwar aka rushe ta, muka warwatsu, ni na koma unguwar Aƙiƙ a nan Madina. Na aika masa wasiƙa uku ta hannun alhazan Sudan, ba amsa. Bayan shekara shida wani ya zo ziyara ya ce mini ya rasu a wani ƙauye bakin kogi, kuma har ciwon ajalinsa yana tambaya ko akwai hanyar da za a mayar da shi Madina. Shi da ya bar garinsu yana saurayi don kawai ya mutu a nan a binne shi a Baƙi'a. Ni kuwa da na raba shi da wannan, in Allah ya so a can za a kai ni, kuma wannan tunanin ba ya faranta mini rai ko kaɗan.

Tun daga ranar tashar nan ban sake ba da labari ba, jikokina ma sun ɗauka ni mutum ne marar magana. Na yi istigfari, na yi masa umara ba sau ɗaya ba, amma malamai sun gaya mini gaskiya, haƙƙin mutum sai mai shi, mai shi kuwa ya tafi. Don haka nake jan kunnen duk wanda Allah ya ba baki, mai labari ne ko mai waƙa ko mai ba da dariya a majalisa. Kada ka ce ai wasa ne, ai ban kama suna ba. Mutane suna gane wanda kake nufi, kuma sun fi yarda da kai in abokinka ne. In kana jin haushin ɗan'uwanka, shiga shagonsa ka faɗa masa, ku yi faɗa ku shirya. Ni taku uku ne tsakanina da ƙofarsa, ban shiga ba, yanzu kuma ko kabarinsa ban san inda yake ba.