Madam Raƙiya, Mai Maido wa Mutane Bakinsu

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta gindin itacen bedin da ke bayan wani ɗakin shan magani a nan Tawa, riƙe da ɗan madubi. Madam Raƙiya ke nan, ma'aikaciyar jinya, wadda ta aje aiki watan jiya ba wanda ya ce mata ko sannu. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Mutanenta su ne waɗanda ciwon daji ya sa aka cire musu maƙogwaro. A yi wa mutum aiki, a bar masa kafa a wuya yana numfashi, a sallame shi. Muryar fa? Oho! Ita ke zaunar da su, ta koya musu haɗiye iska su maido ta kamar gyatsa, har ta zama magana. Sabuwar muryar kuwa cakuɗa "ta" da "da" take yi, da "ka" da "ga", sai mai saurare ya gaji ya juya baya. Sai ta ɗora yatsun mutum a wuyanta, sannan a nasa, ya ji inda sauti ke karkarwa da inda yake ɗaukewa. Wata da watanni ana abu guda.

Ku tambayi Manzo, wani manomi daga wani ƙauye kusa da Kalfu. Maƙwabci ya ci iyakar gonar Habsatu, matar marigayi wan Manzo, kuma Manzo kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga rabon. A garinsu mai shaida shi ke taka iyaka da ƙafarsa, ya faɗe ta da bakinsa. Dattawa suka ce ai wannan ya zama bebe, nuni da hannu ba shaida ba ne. Haba jama'a! Maƙogwaro aka cire masa ko hankali?

Wata huɗu Raƙiya na shiga motar kasuwa duk Lahadi tana zuwa wurinsa, damina na matsowa. Ranar da aka fita gonar, Manzo ya tsaya gindin wani gawo ya yi magana, muryar a shaƙe. Maigari ya waiwayo.

"Madam, mi ya ce?"

"Ranka ya daɗe, ban zo tafinta ba. Ga shi nan gabanka, tambaye shi."

Manzo ya haɗiyi iska, gumi na zuba.

"Daga gawon ga... har dutcin can... gonar Habsatu ta."

Kowa ya ji, har da maƙwabcin.

Ke ce mai haƙurin da mu muka rasa, Raƙiya. Mun gode, Allah ya biya ki. Ku kuma matasan likita, ku je ku koya tun tana da ƙarfin nuna muku. Sauranmu da muke katse irin su Manzo mu ce "to, to" ba mu ji komai ba, mu ji kunya, mu bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Da ruwan farko Habsatu ta shuka geronta, har gindin gawon.