Albasar da Na Shayar da Bokiti

Ranar wata Talata ce, cikin sanyin shekarar da na shiga aji biyar na firamare, Baba ya same ni zaune a bakin magudanar ruwan madatsar Bakolori, bokiti kife a gabana, rana har ta ɗaga. Albasar da ya ba ni in kula da ita ta yi yaushi, ganyen duk ya kwanta. Ya dube ni, ya ce, "Yaron ga rago ne, Allah shi kyauta." Daga ranar sunan ya bi ni har filin makaranta, ƙannena ma suka ɗauka.

Amma kafin nan ba haka nake ba. A shekarar da ta gabata Baba ya yanka mini ɗan fili a gefen gonarsa, inda ruwa ba ya hawa sai an ɗebo, ya ce nawa ne. Ana sallame asuba nake fita, in yi ta sawu da bokiti har tafin hannuna ya yi kanta, sannan in ruga makaranta da laka a ƙafa, in sha bulalar makara. Na bar langa, na bar ƙwallon tsumma. Da yamma, sa'annina na wanka a ruwa, ni ina ɗauko takin awaki a ka daga gida. Burina ɗaya ne, in tsaya da kaina a kasuwar Talata Mafara kusa da tulin albasata, a tambaya ta wa ce, in ce tawa. Da aka cire, tawa ta fi ta kowa girma. Baba ya zo ya juye ta cikin buhunansa, ya ɗinke, aka ɗora wa amalanke. Ko sannu bai ce mini ba.

Da wata shekarar ta zagayo, ban yi niyyar bijire masa ba. Nakan tashi, in ɗauki bokitin, in isa gona, sai in kife shi, in zauna. Kakata, Inna Hajo, ita kaɗai ta gane. Ina jinta tana ce wa Baba a tsakar gida, "Ba ƙyuya ce ba, Mamman, zuciyarshi ce ta mutu. Jaki ma in ya kai kaya shina son a shafa mai wuya." Baba ya ci gaba da wasa fartanyarsa, ya ce, "Inna, mu wa ya taɓa gode muna?" Sai da na girma na fahimci shi ma a gajiye yake. Har ya rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Yanzu ina koyarwa a Maradun. Nakan ga yaro ya kifa kai a kan tebur tun da safe, wataƙila gonar ubansa ma ta daina zuwuwa saboda tsoron 'yan bindiga, malamai su ce yaran yanzu malalata ne. Ba na iya sa baki, don ni ma wata safiyar nakan daɗe zaune da takalmi a hannu. Da, aiki ne ke gajiyar da mu, mu kwanta mu tashi garau. Gajiyar yanzu barci ba ya maganinta.