Hular kwano da ƙeyar Sadiya

Iyaye mata, ku ji ni da kyau: ɗaurin ɗankwali ba ya tare kwalta.

Wata biyu ke nan da 'yata Sadiya ta faɗi da moto, wato babur, a hanyar Lamashegu, za ta biki. Hular kwano na rataye a hannun moto, wai kada ta ɓata mata ɗauri. Ƙeyarta ce ta bugu.

Ta tashi, amma tafiyarta ta koma tangaɗi. In ta kai hannu ga kofi, sai ta wuce shi.

A asibiti likita ya ce ta taɓa hancinta. Yatsa ya sauka a kumatu.

Na ce, "Likita, hankalinta ne ya taɓu?"

Ya ce, "Hajiya, hankalinta garau yake. A bayan kai, saman wuya, akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Babbar ƙwaƙwalwa ce ke cewa a motsa, ƙaramar kuma ta daidaita motsin, kada ƙafa ta kauce ko hannu ya zarce. Ita ce ta ji jiki."

Alhamdu lillahi, jiya Sadiya ta kawo mini kofi cike da koko, ko ɗigo bai zuba ba. Ta yi murmushi ta ce, "Mma, makullin motona fa?"

Ku faɗa mini yadda kuke yi da naku 'ya'yan. A gidana dai, makulli yana cikin hular kwano. Wadda ba ta sa hula ba, ba ta fita. Ɗankwali kuwa, a ɗaura shi in an isa.