Taku Goma Sha Huɗu a Ƙofar Gidan Fetuao

Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu cikin shekara arba'in ɗin nan, hannun Fetuao ya taɓa shi. Mai tausa ce. Da kwalbar man kwakwa da ƙunshin ganye take yawo, daga gidan mai ciki zuwa gidan wanda ya yi targaɗe a gona, duk a ƙafa. Titi ɗaya ne ya ratsa garin, shi ne kuma ya zagaye tsibirin Savai'i, kuma babu wanda ya kai ta sanin gefensa. A da akwai 'yar hanya ta ciyawa a gefen kwalta, mutum biyu suna iya jerawa.

Mu muka cinye hanyar, mu 'yan kwamitin mata. Shekarar da aka fara gasar ƙauyen da ya fi kyau, Miriama, matar babban mai sarautarmu kuma shugabar kwamiti, ta ce kowane gida ya jera duwatsu a bakin kwalta, ya shafe su da farin fenti, ya dasa furanni a bayansu. Muka zo na ɗaya, muka yi rawa har ƙafa ta yi ciwo. Daga ranar kowa ya koma tafiya a kan kwalta, tare da bas da motocin kaya.

Wata rana Ioelu, mijin Fetuao, yana dawowa daga gona a kan keke da kwando biyu na gwaza, bas ta matse shi a kwanar coci. Babu inda zai kauce. Tayar gaba ta daki ɗaya daga cikin fararen duwatsun, ya faɗi a kan na kusa da shi, ƙugu ya karye. Matar da ta gyara jikin rabin gari ta yi wata takwas tana tausa, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Miriama ta je dubiya da kwanon kifi, ta zauna tana ta zagin direba.

Bayan shekara biyu ma'aikata suka zo daga Apia, babban birninmu, da taswira, wai za a tsara hanyar masu ƙafa da masu keke. Aka shimfiɗa ta a rumfar taro, masu sarauta suka jingina da ginshiƙai, mu mata muna daga baya muna kai abinci. Ma'aikatan suka ce mafi sauƙi a kwashe duwatsun gefe ɗaya. Masu sarauta suka yi awa uku suna zuba jawabi, suka ƙare da cewa a bi da hanyar ta bayan gari, ta kan baƙin dutsen da ko alade ba ya son takawa. Babu wanda ya waiwaya ya tambayi Fetuao. Ba ta da sarauta, saboda haka ba ta da baki a wurin. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don ina tsaye kusa da ita a lokacin.

Washegari da hantsi ta fito da baro da adda. Ta kwashe duwatsun ƙofar gidanta, ta sare furannin, ta baje ƙasar. Na auna da ƙafata daga baya, taku goma sha huɗu ne. Miriama ta iso tana haki.

"Fetuao, lafiyarki kuwa? Saura mako biyu alƙalan gasa su zo."

"To su zo mana, ranki ya daɗe. Su ma sun samu wurin sa ƙafa."

"Kin mayar mana da gari kamar bakin tsohuwa, ga giɓi a tsakiya."

"Au, giɓin ne ya dame ki? Shigo ki ga wanda nake juyawa a tabarma safe da yamma. Taho da fentin naki ki shafa masa, ko ya burge alƙalai."

Kwamiti ya zauna ya yanke: ko Fetuao ta mayar da duwatsun, ko a cire ta daga kwamiti, kuma kada wani gida ya ƙara kiranta tausa. A garinmu macen da aka cire ba ta da wurin zama inda muke saƙar tabarma, ba a kai mata rabo ran biki, ba a tsayawa hira da ita bayan coci. Ta ce a cire.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kowa yana bin wurin. Fasto, 'yan makaranta, masu keke, har Miriama in ta ji ƙarar bas. Sai mutum ya hau, ya yi takunsa goma sha huɗu yana kallon teku don kada su haɗa ido da mai gidan, sannan ya sauko kwalta. Hanyar bayan gari kuwa tana nan a takarda.

Shekara uku ta yi a haka, ba mai sallama a ƙofarta. Da Ioelu ya rasu, 'yarta ta aiko mata da tikitin Auckland, can ƙasar waje inda take zaune. Ni kaɗai na raka ta bakin jirgin ruwa. Ta riƙe hannuna da yatsun nan nata masu ƙarfi.

"Tiresa, ƙanwata, abu ɗaya nake roƙonki. Ki kula min da wurin nan, kada ki bari a rufe shi."

Na ce ta kwantar da hankalinta.

Mako uku da tafiyarta Miriama ta kira aikin gayya. Samari suka mayar da duwatsun, mata suka dasa furanni. Ni aka miƙo wa bokitin fenti a gaban kowa, na kuwa karɓa.