Zoben Jimrau da Kwanon Hajiya

Talata, Matamaye zuwa Takeita

Mun bar Matamaye ran Talata ana kiran assalatu. Na so in faɗa muku ƙarfe nawa ne daidai, kamar yadda manyan matafiya suke yi, to amma agogona ya tsaya tun azumin bara, don ado nake ɗaura shi. Saboda haka ku 'yan fadarmu ta gindin darbejiya, da ku da kuke ci-rani a Kano da Legas, sai ku yi haƙuri da lokutan salla. Shekara uku na yi a lekwal, wato makarantar boko, ban fito da komai ba sai wannan rubutun da kuke gani kamar kaza ta bi ta kan laka.

Mu biyu ne, uku da mota. Ni Idi, sai taubashina Alhaji Mutari. Uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka shi yana ce mini bawansa, ni kuma ina gaya masa duk abin da ya zo bakina, al'ada ta hana shi fushi. Ta ukunmu Jimrau ce, tsohuwar kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, mai shan gazuwal, man dizal ke nan, wadda ta girmi da yawa daga cikinku.

Ciwon Jimrau yoyo ne. Shekara da shekaru tana ɗigar da baƙin mai ta tsakanin inji da bwat, wato akwatin giya. Alhaji bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ciwo ba. Kullum da magariba a tura kwanon matarsa Hajiya ƙarƙashinta, da safe a tace abin da ya taru da tsumma a mayar mata. Aikin autarsa Dije ke nan tun tana 'yar mitsitsiya har aka kai ta ɗakin miji. Amma tun sanyin bana ɗigo ya koma zuba. Man ya jiƙa ambiriyaj, wanda 'yan Kano ke ce wa kuloci, inji ya yi ta ruri ƙafafu ba sa ja. A kwalta tana lallaɓawa, a rairayi kuwa sai ta tsaya tana kuka kamar akuya a turke.

Ga kuma Dije da tsohon ciki, na fari, a ƙauyen mijinta can bayan Yauri ta nan yankinmu, inda babu kwalta sai rairayi, da wani kwari da yake cika da ruwan farko ya raba su da duniya. An yi da dangin miji ran Juma'a za a ɗauko ta goyon ciki, ta haihu a gida kusa da likita. Alhaji ya ce ba babur, ba amalanke. Yayarta a kan amalanken shanu ta cika shekarun baya, ita da abin da ke cikinta, ana hanyar kawo ta wurin likita. Ba ya maganar, mu ma ba ma yi. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas.

Shi ya sa muka nufi Damagaram. Guzurinmu fura a gora, galan biyu na baƙin mai, da kwanon nan, don Alhaji ya ce ko a birni ba za a yi asarar ɗigo ba. A Kance muka yi sallar asuba, muka ba Jimrau ta sha kafin mu sha. Daga nan zuwa Takeita jaki bai wuce mu ba, amma wani mai keke ya yi ta gaisawa da mu na tsawon lokaci.

A shingen Takeita jandarma ya karɓi takardu, ya zaga bayan mota, ya dawo.

"Alhaji, ka san motarka tana zuba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, alama take bari, kada mu ɓata hanyar komawa."

Ya dube ni, ya dubi Alhaji. "Wannan wane ne?"

"Bawana ne. Gado na ci shi, ban saya ba."

Ya miƙo takardu yana dariya, ya ce Allah ya kai mu da rai.

Damagaram

Mun wuce Tirmini da hantsi, muka shiga Damagaram rana ta kusa tsaka. Garejin da muka nufa na Lawali ne, wanda ubansa ya yi wa Alhaji yaron mota a zamanin da. Yana ganinmu ya goge hannu ya durƙusa, ya ce Baba sannu da hanya. Aka tura Jimrau kan rami, ya shiga da tocila, bai jima ba ya fito.

Ya ce a cikin inji akwai babban ƙarfen da ke juyawa, gindinsa yana leƙowa ta baya ya haɗu da ambiriyaj. A daidai wannan mafita akwai zoben roba da yake tare mai. Shi ne ya mutu. Ya aika aka sayo sabo, aka kawo shi a 'yar leda.

Alhaji ya juya shi a tafin hannu. "Wannan? Ai awarwaron yarinya ne. Saka shi mu kama hanya."

"Baba, kafin a kai gare shi sai an sauke bwat gaba ɗaya. Aikin wuni ne cur, sai gobe."

Kuɗin zoben bai kai na zakara ba, kuɗin isa gare shi kuwa ya kusa na rago. Haka duniya take, ƙaramin mutum ma sai ka bi ta zaure uku kafin ka gan shi.

Mun sauka a unguwar Zango gidan wani abokin Alhaji mai sayar da fata. Aka kawo tuwon gero miyar kuka, da alkaki don girmama baƙi. Ni na girmama alkakin. Alhaji bai ci kirki ba, yana ta fita ƙofar gida yana duban gabas.

Laraba, a bakin rami

Da sassafe aka fara. Aka kwance ƙarafan da ke kai juyi ga ƙafafun gaba da na baya, aka gitta gungume ta cikin mota, aka ɗaure bwat da igiya, ƙarti huɗu suka sauke ta a hankali kamar ana saukar da mara lafiya daga raƙumi. Ni aikina riƙe inuwa da ba da shawara. Aka cire ambiriyaj, ya jiƙe sharkaf kamar ƙosai, Lawali ya ce sai sabo. Bayansa akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora, ya yi masa alama da alli don ya koma yadda ya fito, sannan ya cire shi.

Sai ga tsohon zobe. Ya bushe, ya tsage, kuma gefe ɗaya ya ɓullo waje. Lawali ya daɗe yana kallonsa. Ya haska gefen inji, ya tsaya a kan wani tiyo da ya sauko ƙasa, bakinsa ɗaure da waya. Ya kashe tocila.

"Baba, akwai wanda ya taɓa injin nan da sanyin bana?"

"Babu mai taɓa Jimrau sai ni."

"To, madalla," in ji Lawali, ya sunkuyar da kai.

Da Alhaji ya tafi alwalar azahar, Lawali ya ja ni gefe. Ya ce wannan tiyon hancin inji ne, ta nan yake fitar da iskar da ke taruwa a cikinsa. An cusa masa totuwar masara an ɗaure. Iska ta rasa mafita, ita ce ta turo zoben.

Na san zancen, a gabana aka yi. Alhaji ya ga tiyon yana fitar da hayaƙi da ɗan mai, ya ce ya kama ɓarawo, ya toshe shi, ya yi mako yana yabon kansa a fada.

Na ce, "To cire mana."

"Kawu, cirewa ba wuya. In na cire a ɓoye, kafin Tirmini zai ga hayaƙi ya nemi wata totuwar. Sabon zoben zai fashe, kuma a rairayi zai fashe, inda inji yake wahala. Ni kuwa ba ni da bakin da zan ce wa Baba shi ya yi ɓarna. A gidansa aka yi sunana."

Nan na gane abin da ya sa Allah ya halicci taubashi.

Bayan salla, masu gareji duk suna zaune ana shayi, na gyara murya.

"Alhaji, ina da tambaya ta ilimi. In aka toshe wa mutum hanci da baki bayan ya ƙoshi da wake, ta ina iska za ta fita?"

Sai wani ya ƙware da shayi.

"Idi, tsufa bai hana ka iskanci ba."

"Amsa nake nema. Jimrau dai ta ba da tata amsar, ta baya ta fitar. Wani babban injiniya ya cusa mata totuwa a hanci."

Fuskarsa ta canza. Ya ce tiyon nan mai yake zubarwa, rairayi yake sha, yana tuƙi tun kafin a haifi duk yaran da ke wurin nan, kuma ba bawan da ko tayar keke bai iya faci ba ne zai koya masa mota. Duk gaskiya ne, musamman zancen keken. Na bar shi ya gama. Sannan na matsa kusa, na rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Mutari, jibi a cikin kwarin nan Jimrau za ta nemi numfashi. Dije tana kujerar baya."

Alhaji ya miƙe. Ya ajiye kofin shayi, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya karɓi filaya a hannun Lawali, ya sauka ramin da kansa. Muna jin nishinsa. Da ya fito, ya miƙo mini totuwar, baƙa ƙirin tana naso.

"Ungo. Kuɗin shararka na bana ke nan."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya yadda bawa yake yi.

Saura aikin Lawali ne, kuma na kalla da kyau don in ba ku labari. Ya zaƙulo tsohon zobe a hankali don kada ya karce ƙarfe. Ya goge wurin tas. Ya nuna mana ɗan layin da tsohon ya ci a jikin ƙarfen, ya ce sabon zai zauna gaba kaɗan don kada ya faɗa wannan gurbin. Ya shafa wa leɓen zoben mai da yatsa, ya juya gefen da ke da 'yar waya zuwa ciki, ya ɗora guntun katako, ya riƙa bugawa kaɗan-kaɗan yana zagayawa, kamar mai kiɗan kalangu a gidan da ake barci. Kafin magariba bwat ta koma mazauninta. Aka tayar da inji, tiyo ya yi ɗan hucinsa, Alhaji ya kalle shi ya kau da kai.

Alhamis da Juma'a

Komawa gida ba labari, sai dai a Takeita jandarman nan ya leƙa ƙarƙashin mota ya ce yaya muka gane hanya. Mun kwana a Matamaye. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki Hajiya muka nufi Yauri, gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

Bayan Yauri muka sauka daga kwalta. Alhaji ya sa ƙafa huɗu, Jimrau ta shiga rairayi tana gurnani. Tudun da ya kayar da ita sau biyu a bana, ta haye shi ba ta ko waiwaya ba. Hajiya tana ta jan carbi.

Dije ta fito da ƙyar, hannu a ƙugu, surukarta na biye da ƙullin kaya. Ta gaida iyayenta, ta juyo gare ni.

"Kawu Idi, har da kai? To wa aka bar wa gulmar fada?"

"Na ba da aro, 'yar nan. Shiga mu tafi kafin sama ta fashe."

Iska ta taso muna gangarawa kwarin. A tsakiyarsa rairayi ya yi laushi, mota ta nutse kaɗan, inji ya ɗauki kuka. Alhaji ya riƙe sitiyari gam. Ya sauya giya, ya taka a hankali, ƙafafu suka kama, muka fita. Ɗigon farko ya faɗo kan gilashi muna hawa gaɓar wancan gefen. Kafin mu kai kwalta ruwa ya tsuge, har ba a ganin hanya, Alhaji yana tuƙi yana share ido da hannun riga. Ya ce hucin tiyon nan ne yake shigar masa ido. Ban ce komai ba. Ku rubuta wannan, ba a saba gani ba.

Gida

Mun shiga Matamaye da magariba, ruwa ya tsagaita. Ana sauke kaya sai na ga Dije ta ɗauko kwanon nan, tana ƙoƙarin sunkuyawa da cikinta ta tura shi ƙarƙashin mota. Alhaji ya karɓe.

"Auta, an sallame ki daga wannan aikin."

Amma da ta shige ciki, shi da kansa ya tura shi, wai don shaida.

Da safe na zo ganin shaida. Kwano a bushe, ba ko ɗigo, sai wata tururuwa da ta ɓata hanya. Alhaji yana tsaye da tsumman tacewa a hannu, ya rasa abin da zai yi da safiyarsa. Hajiya ta fito, ta ɗauke kwanonta, ta zauna bakin rijiya da toka da soso. Na tambaye ta me za a yi da shi. Ta ce shekara ashirin tana jiran mota ta gama da shi, yanzu na wankan jariri ne.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Lawali da mutanensa, da mai masaukinmu na Zango da alkakinsa. Totuwa tana nan a aljihuna ga mai son gani. Dije kuwa ta sauka lafiya bayan sati biyu, a likita, an samu mace. Na leƙa na ga ana yi mata wanka a kwanon. Na gaya wa Alhaji wannan yarinya direba za ta zama. Ya ce in Allah ya so, amma ba za ta ɗauki bawa a mota ba.