Lodin Tumatir Ɗaya

Washegarin Babbar Sallah ta shekarar 2000, da hantsi, na durƙusa a bakin layinmu na Agege riƙe da rimot, ƙaurin suyar nama ya cika unguwa. Shekaruna goma sha ɗaya. A gabana ga jar motar tsere ta batir da Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata mai tuƙa babbar motar kayan gwari, ya kawo mana ni da ƙanena Nura. Mu 'ya'yan 'yan tumatir na kasuwar Mile 12, tserenmu daban yake da na kowa. Gwangwanin kifi muke ɗaurewa a kan mota, a sa nunannen tumatir ɗaya a ciki, sai a bi gargadar layin har bakin famfo. Wanda ya riga isa ba tare da lodinsa ba, ya faɗi. Ni kuwa kafin ranar sau uku ina riga kowa, sau uku tumatirina yana tsalle ya fashe a ƙasa, yara suna ta shewa. Shi ya sa Baba ya yanke hukunci: in na sake ɓarar da lodi a tseren washegarin Sallah, rimot ya zama na Nura shi kaɗai. Raina ya ɓaci ƙwarai, don Nura ko ribas bai iya ba.

Kwana biyar kafin Sallah na kai wa Kawu ƙara yana alwala a tsakar gida. Ya juya motar, ya danna tayoyin gaba da babban yatsa, ko motsi ba su yi ba. Ya ce, "Gaban nan ya cika tauri, shi ke jefar miki da kaya. Ba a gudu ake gane direba ba, a kwando ake gane shi." Daga nan ya bar ni da sukundireba, ya ce sauran aikin nawa ne. Na kwance ƙafafun gaba a kan faifan Inna don kada ƙananan ƙusoshi su ɓace, na tarar da wasu guntayen robobi masu tauri kamar ƙashi. Na farke birona guda biyu masu dannawa, na zare sifirin ɗinsu na sa a madadin robobin. Sai gaban ya yi laushi fiye da kima, hancin motar yana sharar ƙasa kamar akuya mai kiwo. Tsakanin ɗiban ruwa da jajjagen miya na yi ta kwancewa ina ɗaurewa, har na dace da cusa 'yar robar bawul ɗin keke a cikin kowane sifirin. Da na danna, ya nutse a hankali ya dawo a hankali. Na yi ihun da ya sa Inna ta ƙone da mai.

To, ranar tseren wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Oya!" Motoci huɗu suka zabura. Tawa tana hawa duwatsu tana sauka, tayoyin gaba suna lanƙwasawa, tumatirin yana rangaji amma bai bar gwangwani ba. Ta biyu na zo, sai dai wanda ya riga ni gwangwaninsa wayam. Ban san Baba yana tsaye a bayana ba sai da na ga ya sunkuya ya ɗauki tumatirin, ya jujjuya shi, ya ɗan latsa kamar yadda yake yi wa kayan da aka sauke a kasuwa. Ya dube ni a gaban duk mazan layin ya ce, "Sannu da hanya, direba." Daɗi ya kusa kashe ni.

Yau 'ya'yana a waya suke tserensu, babu abin da ke kwancewa balle su gyara, Baba kuma ya daɗe da rasuwa. An kira ni da sunaye masu nauyi a wurin aiki, na kuma gode. Amma da za a ba ni zaɓi, da muryarsa nake so in sake jin wannan gaisuwar.