Abdulwahid, da Saƙon da Ba a Nuna Ba

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata, 6 ga Sha'aban 1430, bayan La'asar, Mairo ta aiko mini cewa mijinta Abdulwahid ya cika a ɗakinsa na unguwar Nuzla, a Jidda. Tun ranar ban daina jin muryarka ba, abokina.

Shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya. Kai mai fenti ne, amma rabin aikinka kyauta ne. Duk baƙon da ya zo umra ya maƙale, a tabarmarka yake fara kwana, kuma ba ka rabuwa da shi sai ka tambaye shi ko ya taɓa jin labarin wata mai suna Turai. Ƙanwarka ce. Jami'an jawazat, masu kula da shige da fice, sun kama ta a wani samame, aka mayar da ita ƙasarmu, daga baya aka ce ta dawo Jidda, ba wanda ya san inda take.

Sai ga shirin nan na barkwanci a talabijin, wanda yau sunansa ma an manta. Fenti ka je yi musu, suka ga ka dace ka fito a matsayin mai gadi a shirin. Mai shirin ya ce, "Yalla, faɗi kome da yarenku, ba mai ji." Ka dubi kyamara ka ce, "Turai, ni ne yayanki. Ina raye, ina Jidda, ina nemanki."

Suka ɗora sautin dariya a kai. Mu kuwa da muka taru a tsakar gida, wallahi ba wanda ya motsa. Wata tsohuwa ta rufe fuska da mayafi.

Jaridu sun yi wa shirin kaca-kaca. Wani ya rubuta cewa ko mai gadin ba ya komai sai gunaguni marar ma'ana. Namu kuma suka rabu, wasu na cewa ka bari ana yi mana dariya, mu Takari baƙin Saudiyya, wasu daga unguwannin Mahjar da Kurayyat na jiran ranar shirin don kawai su ji ko an dace.

Ga abin da ke cina. Tun a kashi na farko ka so ka faɗi kwatancen gidanmu, ni na hana. Na ce mutum goma sha ɗaya ne a gidan ba iƙama, wato takardar izinin zama, za ka jawo mana kame. Ka bi maganata har kashi biyar. A na shida ka kasa daurewa, ka faɗi layi da ƙofa. An ɗauka, sai aka soke shirin kafin a nuna. Halas.

Ba ka taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Da ka yi, da na fi samun sauƙi. Shekara goma sha huɗu, duk macen da ta yi sallama a ƙofa, kai ne farkon tashi.

Ina yi wa Mairo da 'ya'yanku ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙan Abdulwahid, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini tsorona. Turai, in wannan takarda ta riske ki, ki yi haƙuri. Yayanki bai ɓoye miki gida ba, ni Rafi'u na ɓoye.